Gargaɗi ga masu tsofaffin kyanwoyi a Garwa da Marwa

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana tallar "maganin wankin cikin mage daga Faransa". Yana neman masu tsohuwar kyanwa da bayan gida ke yi wa wuya, ya ce kwana 3 kacal ta warke har abada. Don Allah kada wanda ya tura masa ko sisi.

Salonsa ɗaya ne. Zai nemi rabin kuɗi ta Orange Money, sefa 5,000, washegari ya ce kayan sun maƙale a tashar mota, a ƙara na dako. Da an ƙara sai lambar ta daina shiga. Waɗanda ya wanke haka su ne ma masu sa'a.

Wata maƙwabciyarmu kam kayan sun iso mata, ta kira ni na gani. Kwalbar sirop ce ta yara an kankare takardar, cike da wani mai fari mai santsi, sai ƙullin leda da ƙwayoyi farare, wasu an daka, wasu da sauran tambarin farasitamol a jikinsu. Na ce mata, "Hajiya, kada ki kuskura." Farasitamol guba ce ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Man kuma in aka ɗura mata da ƙarfi yakan bi ta maƙogwaro ya sauka huhu. Har cewa mai tallar ya yi in maganin bai yi aiki ba a sayo ruwan da ake matsa wa mutane ta dubura a kantin magani. Irin mai sinadarin fosfet ɗin nan shi ma kisa yake yi wa kyanwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne alkawarin warkewa. Taurin kashi ga kyanwar da ta haura shekara 10 galibi alama ce ta wani abu daban: ƙoda ta fara gajiya jiki yana bushewa, ko ciwon gaɓoɓi ya hana ta tsugunno, ko babban hanji ya saki ya daina tura kashi. Ga kyanwa dama ba mashayiyar ruwa ba ce, balle a zafin Maris da Afrilu na Garwa da ke wuce digiri 40. Irin wannan lallaɓa shi ake yi. A ajiye ruwa mai sanyi a wurare da yawa cikin gida, a riƙa jiƙa mata abinci da romo marar albasa da tafarnuwa, a rage ƙashi. Likitan dabbobi yakan rubuta lactulose, maganin da ke sa kashi ya yi laushi, shi ne kuma zai faɗi adadin gwargwadon nauyinta.

In ta yi kwana 2 zuwa 3 ba kashi, ko ta fara amai ta ƙi abinci, a kai ta ofishin likitocin dabbobi. Muzuru kuwa in yana ta yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita, wataƙila fitsari ne ya toshe, wannan ba ya jiran gobe.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana saƙon shaidar biya da hoton hirarsu, ya kai wa jandarmomi ko 'yan sanda, ya kuma sanar da shugaban zauren a cire lambar.