Motar haya, direba ko bas: abin da na gani a kwana goma a Maroko

Na yi kwana goma ina yawon buɗe ido a Maroko, kuma a cikin waɗannan kwanaki na tuƙa motar haya da kaina, na ɗauki direba da motarsa, sannan na shiga bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin birane. Abin da na fahimta shi ne, yanayin hanyar da matafiyi zai bi ne ya kamata ya fara dubawa kafin ya duba aljihunsa.

Na karɓi motar haya a Kasabalanka bayan na nuna lasisina na ƙasa da ƙasa, kamfanin kuma ya riƙe kuɗin ajiya a katina na banki har sai na dawo da ita lafiya. Babbar hanyar da ta tafi Marrakesh shimfiɗaɗɗiya ce, ana tuƙi ta hannun dama, iyakar gudu kuma kilomita 120 a sa'a, don haka ban ji wata gajiya ba. Wahalar ta fara ne da na shiga gari, inda babura da kekunan doki da masu tafiya a ƙasa suke cakuɗuwa a kowane shataletale. Masaukina yana cikin tsohon birni, wanda lungunansa ba sa ɗaukar mota, sai da na ajiye ta a bayan ganuwa na ja kayana da hannu. Washegari motar ta wuni a ajiye, kuɗin haya kuwa yana ta tafiya, shi ya sa na mayar da ita ba tare da wata nadama ba.

Direban da na ɗauka na kwana uku shi ne ya fi gamsar da ni. Hanyar Marrakesh zuwa Warzazat ba ta wuce kilomita 200 ba, amma tana cin kusan sa'a huɗu, domin tana hawa tsaunukan Atlas ta mashigin Tizi n'Tichka mai tsayin mita 2,260, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ga manyan motocin kaya da sai wanda ya saba da su ya san inda zai wuce su. Da ni ne a kan sitiyari, da idona bai bar kwalta ba, da kuma na wuce ƙauyukan da ke manne a jikin duwatsu ban gan su ba. Shi ne ya ba da shawarar mu isa Ait Ben Haddu da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, na samu na zaga wannan tsohon gari na ginin ƙasa, wanda hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, cikin natsuwa. Yana jin Larabci da Faransanci da harshen mutanen tsaunin, kuma wannan ya sauƙaƙa mini duk wata magana a hanya har muka kai rairayin Marzuga a bakin hamadar Sahara.

Ƙorafina ɗaya a kansa shi ne, sau biyu ya tsaya da ni a shagunan da ban nema ba, kuma a bayyane yake cewa yana da la'ada a kan abin da aka saya. Na yi masa magana a hankali, bai sake ba. Ina ba duk mai niyyar ɗaukar direba shawarar a rubuta komai tun kafin a tashi, wato wa zai sayi mai, wa zai biya masaukin direban, da kuma wuraren da za a tsaya.

Daga Fas zuwa Shafshawan na shiga bas ɗin kamfanin sufuri na CTM, tafiyar kusan sa'a huɗu, kowa da lambar kujerarsa, kaya kuma an maƙala musu shaida kafin a zuba su a ƙasa. Ga mai tafiya shi kaɗai daga birni zuwa birni, ban ga abin da ya fi wannan sauƙi ba, muddin ya yanki tikiti tun da wuri. Sai dai tashar Shafshawan tana gindin gari ne, kuma hawan yana da tsayi, don haka mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara ya shirya ɗaukar tasi da zarar ya sauka.