Poseidon da Neptune: suna ɗaya ne aka juya, ko kowa da tushensa?

Malam, ka ce ka ji a labarai Rasha tana da wani makamin ƙarƙashin ruwa mai suna Poseidon, ita kuma Yukren ta ce da makami mai linzami Neptune ta nitsar da jirgin yaƙin Moskva a watan Afrilun 2022. Aka ce maka duka biyun sunan allan teku ne a maguzancin Turawan da. Tambayarka ita ce ko suna ɗaya ne aka juya daga wannan harshe zuwa wancan, kuma me yake nufi.

Ba suna ɗaya ba ne, ko kaka ba su haɗa ba. Poseidon na Girkawa ne. Neptune, wanda a Latin ake kira Neptunus, na Rumawa ne. Daga baya aka haɗa su aka mai da su abu guda. Kuma babu ɗayansu da ke ɗauke da kalmar teku a cikinsa. Girkawa suna ce wa teku thalassa ko pontos, Rumawa suna cewa mare. Juya sunayen biyu yadda ka ga dama, ba za ka tsinci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kowannensu baƙo ne a teku, sai dai hanyar da ta kai su can ta bambanta.

Wajen tsufan shaida, Poseidon ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau. An samu sunansa a kan allunan yumɓu a Knossos da ke tsibirin Kirit, da kuma Pylos a kudancin Girka. Na Pylos sun kai wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya, kuma gobarar da ta cinye fadar ce ta gasa su har suka iso mana. Rubutun da ke kansu, wanda ake kira Linear B, ya gagari kowa sai a 1952 da wani Bature ɗan Ingila mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya gano cewa tsohon Girkanci ne. Ba waƙa ko addu'a aka tarar ba, lissafin ma'aji ne. A ɗaya daga cikinsu an jera abin da za a kai wa po-se-da-o: bijimi ɗaya, hatsi, giya, cuku, zuma, fatar tunkiya. A Pylos an fi ambatonsa a kan Zeus, wanda daga baya ya zama sarkin allolinsu. Neptune ba shi da takarda mai tsufa haka. Abin da ya fi daɗewa a kansa shi ne ranar bikinsa a tsohuwar kalandar Rum, zan zo kanta.

Sunan Poseidon kowane gari da yadda yake furta shi. A waƙoƙin Homer, tsohon mawaƙin Girka, Poseidaon ne, a Korinti Poteidan, a Arkadiya Posoidan, a ƙasar Sparta Pohoidan. Wannan t ta mutanen Korinti ita ce ta tona asirin rabin farko, domin ta nuna asalinsa pot ne. Tushen nan sananne ne a dangin harsunan Indiya da Turai: posis a Girkanci miji ne, pati a Sanskrit ta Indiya mai gida ne, potis a Latin mai iko ne. Da Hausa maigida ta ɗauke duka. Yawancin masana harshe suna ganin kira ne ya daskare ya zama suna, wato mutane suna ta cewa "ya maigida!" har kiran ya bi shi.

Rigimar tana rabi na biyu na sunan, wato gaɓar "da". Maigidan me? Masanin harshe Paul Kretschmer, a farkon ƙarni na 20, ya ce "da" tsohuwar kalma ce mai nufin ƙasa, ita ce a sunan Demeter, abar bautarsu ta noma, wadda ya fassara da uwa ƙasa. Ke nan Poseidon mijin ƙasa ne. Matsalar ita ce kalmar ƙasa da kowa ya sani a Girkanci ge ce ko ga, kuma hujjar cewa "da" tana nufin ƙasa ba ta da ƙwari. Ana jingina sunan Poseidon da na Demeter, a jingina na Demeter da na Poseidon, kowanne shi ne shaidar ɗaya. Wasu suka ce a'a, rabin nan tushen ruwa ne, shi ne a sunan kogin Don da Danube, da danu ta Sanskrit. A wannan fassara maigidan ruwaye ne. Robert Beekes, Baholande mai ƙamus ɗin asalin kalmomin Girkanci, ya fi karkata ga cewa sunan ba na Girkanci ba ne sam, gado ne daga mutanen da Girkawa suka tarar a ƙasar. Tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya ma Hirodotus, marubucin tarihi Bagirke, ya rubuta cewa daga mutanen Libiya Girkawa suka koyi wannan suna. Masana na yau ba su bi shi a kai ba, amma ya nuna su kansu Girkawan sunan yana yi musu baƙon kunne.

Ni dai na fi karkata ga mijin ƙasa. Ba don hujjar harshe ta fi ƙarfi ba, sai don halin mai sunan. Kirarin da Homer ya fi yi masa shi ne Enosikton da Ennosigaios, duka biyun mai girgiza ƙasa, sai Gaieokos, mai riƙe da ƙasa. Da babbar girgizar ƙasa ta rushe Sparta wajen 464 kafin Miladiyya, mutanen garin da kansu suka ce fushinsa ne, don sun janyo wasu bayi da suka nemi mafaka a ɗakin bautarsa na Tainaron suka kashe su. Ga kuma dawaki, har ana kiransa Hippios, mai doki. A Arkadiya, yankin duwatsu a tsakiyar ƙasa inda manomi zai tsufa bai ga teku ba, suna da labarin cewa Demeter ta rikiɗa ta zama goɗiya don ta ɓuya masa, shi kuma ya zama ingarma ya cim mata. Mutanen Argos kuwa dawaki suke jefa masa da linzaminsu a wani wuri mai suna Dine, inda ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa daga cikin teku. Hatta yadda ya samu tekun a waƙar Iliyad ta Homer, ƙuri'a aka jefa tsakanin 'yan'uwa uku: Zeus ya ɗauki sama, Hades ya ɗauki lahira, shi teku ta faɗo masa, ƙasa kuma aka bar ta ta kowa da kowa. Wanda aka haifa da abu ba ya jiran ƙuri'a ta ba shi.

Kafin masanan zamani, mutanen da ma sun yi nasu hasashen, kuma a nan ne kwatancen ya fi daɗi. Aflatun, a littafinsa Kratilos, ya sa Sukurat ya kawo fassara uku a zama ɗaya. Ta farko posi desmos, marin ƙafa, wai wanda ya raɗa sunan yana cikin tafiya teku ta tare shi. Ta biyu polla eidos, masanin abubuwa da yawa. Ta uku ho seion, mai girgizawa, sai aka yi ƙarin haruffa. A ɓangaren Rum, Varro ya ce Neptunus daga nuptus ne, lulluɓi, don teku tana lulluɓe ƙasa yadda gajimare ke lulluɓe sama, kuma daga wannan tushen kalmar aure ta fito saboda lulluɓin amarya. Sisero, a littafinsa kan ɗabi'ar alloli, ya sa wani mai magana ya ce daga nare ne, yin iyo. Can gaba a littafin wani ya mayar masa da ba'a, ya ce in harafi ɗaya ya isa hujja to babu sunan da ba za a fassara ba, kuma a wannan bayani mai bayanin ya fi Neptune ɗin kansa iyo. Duk irin masu cewa kalmar Hausa daga "hau sa" ta fito ne: kunne ya ji kama, sai a ƙera labari a ɗora. Ba'ar Sisero ta fi fassarorin biyar daraja.

Na zamani a kan Neptune ma ba bakinsu ɗaya ba, sai dai duk inda suka bi ruwa suke tararwa. Wasu sun kai shi ga tushen nebh, mai nufin danshi da hazo, wanda ya ba da nebula a Latin, nephos a Girkanci, Nebel a Jamusanci, nabhas a Sanskrit. Ƙarshen sunan, nus, a Latin yana nuna mai kula da abu: dominus mai domus ne, wato gida, Portunus mai kula da ƙofofi da mashigin jiragen ruwa. Ke nan Neptunus mai kula da danshi ne. Georges Dumézil, Bafaranshe, ya bi wata hanya. Ya haɗa sunan da nepos, jika ko ɗan ɗan'uwa, ya ce ɗan'uwan Apam Napat ne, "jikan ruwaye" na tsoffin littattafan Indiya da Iran, wata wuta da ke zaune cikin ruwa, da kuma Nechtan na tatsuniyar Ailan, mai rijiyar da kogin Boyne ya samo asali. Fassara ce mai ƙayatarwa, amma sai an yi ta tsallake-tsallake kafin a isa. Sai masu duban Nethuns na Itruskawa, maƙwabtan Rum na arewa. Sunan yana rubuce a kan wata hantar tunkiya ta tagulla da bokayensu ke duba da ita, wadda aka tono kusa da Piacenza a 1877. Wasu sun ce daga can Rumawa suka aro, amma mafi rinjaye suna ganin Itruskawan ne suka ara. A nan ma fassarar danshi na fi yarda da ita, kuma ƙafarta ta fi ta mijin ƙasa tsayuwa.

Dalili shi ne bikinsa. Neptunalia ranar 23 ga Yuli ake yinsa, tsakiyar zafin Italiya, lokacin da rafuka ke janyewa, gonaki na ƙuna. Mutane su fita bayan gari su kafa rumfunan ganye, su zauna a inuwa su ci su sha. Wannan ba bikin matuƙa jirgi ba ne, bikin manomi ne mai fargabar fari. Rumawan farko ba mutanen teku ba ne, babbar rundunar jiragensu ta farko sai a 260 kafin Miladiyya suka gina ta, lokacin yaƙi da Kartej. Ko bayan daularsu ta mamaye Arewacin Afirka, ana samun duwatsu masu rubutun sunan Neptune a bakin idanun ruwa can cikin ƙasar Tunisiya da Aljeriya, nesa da gaɓa. A Lambaesis, sansanin sojansu a Aljeriya ta yau, ɗakin bautarsa a kan maɓuɓɓugar da ke shayar da garin aka gina shi.

Haɗuwar Neptune da Poseidon ta fara bayyana a 399 kafin Miladiyya. Marubucin tarihi Livy ya ce annoba ta addabi Rum, aka duba littattafan duba na Girkanci, aka shirya liyafar kwana 8, aka kwantar da gumaka shida a kan gadaje uku, Neptune yana cikinsu. Daga nan ya riƙa gadon kayan Poseidon ɗaya bayan ɗaya: mashi mai baki uku, keken dawaki, 'yan'uwantaka da sarkin alloli, da dukan labaransa. Aron ɓangare ɗaya ne. Neptune ya kwashe tatsuniyoyin Poseidon, shi Poseidon bai karɓi komai a wurinsa ba, don da ma Neptune ba shi da labarai nasa na kansa da suka taka kara suka karya.

Amma wajen yaɗuwar suna na Rum ne ya ci riba, saboda Latin ce ta zama harshen ilimi a Turai. Da Johann Galle ya hango duniya ta takwas daga Balin ranar 23 ga Satumba 1846, bisa lissafin Urbain Le Verrier, Neptune aka sa mata. Sinadari na 93, wanda aka samar a Kalifoniya a 1940, aka kira shi neptunium don ya biyo bayan uranium, yadda duniyar Neptune ta biyo bayan Uranus. Girkawan yau dai ba su karɓi wannan ba, Poseidonas suke kiran duniyar. 'Yan Sin da Japan kuma suka fassara aikin suka bar sunan, suna cewa tauraron sarkin teku. A Faransa abin ya sha bamban. Bayan Kiristanci ya kafu, masu wa'azi suka sa tsoffin alloli cikin jerin aljanu, Neptunus ya koma netun a tsohon Faransanci, wani dodon ruwa. Baki ya ci gaba da tauna kalmar har ta zama lutin, wadda a yau take nufin ɗan guntun aljani mai tsokana na tatsuniyar yara.