Walat din fatar kunamar ruwa, yana da kyau amma ba zan ce ku saya ba

Masu tambayata akan walat din nan da yayana ya kawo min tsaraba daga Bankok, ga abinda na gani. Fatar kunamar ruwa ce ta teku, kifin nan mai fadi kamar faifai mai dogon wutsiya da kaya. Wajen inganci wallahi ba magana, saman fatar duk kananan duwatsu ne masu kyalli a jere, an goge su an rina baki, sannan a tsakiya akwai wani farin digo wanda daga gadon bayan kifin yake, shi dillalai ke nuna maka wai alamar na asali ne. Makulli baya karce shi, gumi da ruwa basa bata shi, da irin fatar nan Japanawa ke nade kotar takobi tun da can saboda bata santsi a hannu. Matsalarsa daya taurin tsiya, in ka cika shi da kati da kudi baya son nadewa, kuma cikinsa fatar saniya ce ta yau da kullum, dinkin wajen saka kati ma ya fara saki.

Amma abinda ya dameni ba dinki bane. Na sa yaya ya tambayi mai shagon wace irin kunama ce kuma daga ina aka kamo ta, bashi da amsa, babu takarda babu komai. Kifayen nan fa ba kamar karfasa ko tarwada bane da ke zuba kwai dubbai, haihuwa suke yi, 'ya'ya kadan, kuma sai sun dau shekaru kafin su fara, to in ana kwasarsu da raga ba kakkautawa yaushe zasu mayar da gurbi? A 2021 masana da ke aiki da IUCN, kungiyar kare halittu ta duniya, sun fitar da cewa sama da kashi daya cikin uku na jinsunan kifin shak na teku da dangin kunamar ruwa suna fuskantar barazanar karewa, kuma babban dalili shine yawan kamu.

Kar ma ku dauka abin na can nesa ne, muna da tamu a kogin Binuwai da Neja, wadda masana suka fara rubutawa a 1962 daga Garwa ta Kamaru, har sunanta na kimiyya daga garin aka dauko, yanzu itama tana cikin wadanda ake tsoron su kare, ga raga ga lalacewar kogi.

Wanda nake dashi zan cigaba da rikewa tunda an riga an kawo, amma nace wa yaya kar ya saro su ya kawo shago. Mai son walat na fata ya shiga kasuwar Kurmi wajen dukawa, fatar jar akuyar Sakkwato tafi laushi a aljihu, kuma in dinki ya saki a nan take zasu gyara maka.