Azuzuwan Second City a Chicago: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A 1959 Paul Sills da Bernard Sahlins da Howard Alk suka buɗe wannan gidan barkwanci, inda ake wasa ba rubutu, bisa dabarun Viola Spolin, mahaifiyar Sills. Nan fitattun 'yan wasan barkwancin Amurka Bill Murray da Tina Fey suka goge.

A azuzuwan koyon wasa na gidan, darasin farko shi ne ka karɓi abin da abokin wasanka ya kawo, ka ɗora naka. Sababbi sukan faɗi a nan: suna neman sa mutane dariya ƙarfi da yaji, ko su yi ta jefa tambayoyi, sai wasan ya tsaya cik. Malaman suna da haƙurin gyara wannan.

Aibin azuzuwan shi ne tsada, kuma babban aji sai an ci gwaji ake shiga. Mai jin kunyar taro zai amfana sosai.