Kano ko Sakkwato: wanne ya fi dacewa da ziyarar filayen daga a kan keke?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce yana da keke mai ƙwari da hutun kwana uku, yana so ya ga wuraren da aka gwabza yaƙi a ƙasar Hausa da idonsa, kuma yana waswasi tsakanin Kano da Sakkwato. Malam, ka tambayi abin da ke raina. Amsata ita ce ka fara da Kano, amma kada ka ɗauka ka gama har sai ka taka Sakkwato. Bari in faɗi dalili.

Bambancin garuruwan biyu ya samo asali ne daga yadda aka yi yaƙin zuwan Turawa na 1903. A Kano, Turawa sun zo sun tarar da ganuwa, saboda haka faɗan ya kasance a bakin ƙofa. A Sakkwato kuwa, mayaƙan Sarkin Musulmi ne suka fita wajen gari suka ja daga a fili. Shi ya sa mai keke a Kano yake da layin da zai bi, mai keke a Sakkwato kuma sai ya nemi wanda zai nuna masa wurin da yatsa.

A Kano ka fito bayan sallar asuba, kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi. Ka fara daga Ƙofar Nassarawa, ka bi ta Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, har Kabuga. Titi ɗaya ne ke bin jikin ganuwar ta kudu, shimfiɗaɗɗe, babu hawa babu gangara, kuma ko kana tsayawa a kowace ƙofa ba za ka kai hantsi ba ka iso. Wannan ganuwa Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a zamaninsa, 1463 zuwa 1499. A Kabuga ka sauka daga keken ka tsaya sosai. Ta nan ne rundunar Kanar Molan, wadda ta taso daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, ta fasa ta shiga birni ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin tare da yawancin mayaƙansa. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya ja da baya zuwa fada, a can ya yi ta faɗa har aka kashe shi.

A nan keke ya fi mota nesa ba kusa ba. Mai mota zai wuce Kabuga cikin ƙiftawar ido, abin da zai gani kwalta ne da shaguna. Kai kuwa za ka iya jingine keke, ka taka zuwa inda ragowar ganuwar ta tsira, ka auna kaurinta da ido, ka ga kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin. Za ka kuma ga abin da ke ci mini rai: inda aka sare ganuwa aka ɗora gini, inda aka kwashi ƙasarta, inda ta koma juji. Ƙofofin da yawa an rushe su an sake ginawa saboda faɗaɗa titi, don haka abin da ke tsaye ba shi ne wanda igwa ta daka ba, gurbin ne dai bai canza ba. Daga Kabuga ka zagaya ta Kansakali da Waika, ka shigo birni ka hau Dala, inda za ka hango faɗin abin da aka kewaye da laka da hannun mutane. Ka ƙare a Gidan Makama, kusa da fada, ka ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da sulke da takubba da bindigogin da. Yini ɗaya ya ishe ka, kuma duk inda taya ta sace akwai mai faci kusa.

Idan ƙafarka ta saba, rana ta biyu Bebeji ce, wajen kilomita 50 kudu da birni. Ita ce garin da Turawa suka fasa kwana biyu kafin su iso Kano. Hanyar Zariya tana da manyan motoci, ka riƙa bin gefe, kada magariba ta same ka a kanta. Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a ƙarshen Fabrairun 1903 tare da mayaƙan Kano da ke komowa gida, tana jihar Zamfara. Ba tafiyar keke ba ce a yanzu.

Sakkwato daban take. A cikin gari tafiya ba wuya, tituna sun fi na Kano sarari. Za ka fara da Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu, ka bi unguwannin da suka riƙe sunayen ƙofofi, irin su Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Rini da Ƙofar Marke. Sai dai ganuwar da za ka bi da keke kamar ta Kano babu ita, gari ya haɗiye ta. Filin Giginya, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya tari Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, shi ma gari ya mamaye shi. Sunan ne ya rage a jikin filin wasa da barikin soja da otal. Kana iya wucewa ta kan ƙasar da mutane suka faɗi riƙe da tuta ba ka sani ba. Daga wannan fili Attahiru ya yi gabas da jama'a bayansa har Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da hijirar har Sudan, garin da suka zauna a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa.

Abin da ya sa na ce sai ka taka Sakkwato shi ne Satiru. Tana kudu da gari, wajen kilomita 22, tazarar da mai keke zai je ya dawo kafin azahar. A Fabrairun 1906 talakawan wannan ƙauye, da gatari da fartanya da kwari da baka, suka tarwatsa rundunar sojan doki ta Turawa, suka kashe Turawa 3, har da razdan Hilari, da sojoji wajen 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Cikin jagororinsu akwai Malam Isa da Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga yankin Dosso bayan boren da aka yi wa Faransawa a can. Ranar 10 ga Maris Turawa suka dawo da ƙarfi, tare da mahayan sarakuna. Lissafin Turawan da kansu ya kai mutum 2,000 da aka kashe. Aka ƙone garin, aka kwashe mata da yara, Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya yi baki a kan duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Babu ƙofa, babu bango, kufai ne kawai. A ganina babu wurin da ya fi wannan cancantar a je masa a hankali, da gumin jiki, ana ratsa gonaki da ƙauyuka irin waɗanda mutanen suka fito daga cikinsu.

Filayen jihadin Shehu kuwa suna da nisa, kuma a nan dole in yi maka magana ba kwana-kwana. Gudu, inda Shehu ya yi hijira a 1804, da Tafkin Kwatto, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yunin shekarar, suna can kusa da iyakar Nijar. Alƙalawa, babban birnin Gobir, wadda ta faɗi a 1808, tana yankin Sabon Birni. Duka yankunan biyu suna fama da 'yan bindiga. Kada son tarihi ya kai ka can kai kaɗai a kan keke. Ko Wurno, inda kabarin Muhammadu Bello yake, ko Satirun kanta, kada ka kama hanya sai ka tambayi mutanen gari halin da ake ciki a makon nan, kuma ka tafi da ɗan gari.

Batun alamomi, kada ka sa rai da alluna masu bayani a ko'ina cikin biyun. A Kano sunan ƙofa ne alamarka, kuma kowace ƙofa tana da sarkinta. Ka yi sallama, ka nemi Sarkin Ƙofa ko dattawan da ke zaune a gindinta. A ƙauyukan Sakkwato ka fara da gidan mai gari, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, shi zai haɗa ka da wanda ya san wurin. Ka riƙe ɗan goro, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kabari ko mutum sai an ba ka izini.

Lokaci kuwa, hunturu ne, Disamba zuwa Janairu. Zafin Sakkwato a Maris da Afrilu yana haura digiri 40, ba a wasa da shi a kan sirdi. Ƙura tana cin kaca, ka tafi da ɗan mai. Hanyar Satiru akwai yashi da tsidau da ƙaya, saboda haka tub biyu na ajiya, famfo, kayan faci da ruwa mai yawa a kan kariya. Da kwana ukun da ke hannunka, ka ba ganuwa da Gidan Makama rana ɗaya, Bebeji rana ɗaya, ta uku ka koma Kabuga da yamma ka zauna da dattawan wurin. Satiru ka ware mata wani hunturun, idan ka sami abokin tafiya daga Dange ko Shuni.