Wata goma sha huɗu da batirin Solite, da shagon Agege da ya ƙi sayar mini sai ya gwada motata

A cikin shekara biyu na saya wa motata batir har uku, kuma na ukun ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi, domin yau wata goma sha huɗu ke nan yana ɗaure a cikinta bai taɓa sa na tsaya bakin titi ina neman wanda zai ba ni wuta ba. Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2010, batirin kuwa Solite ne na Koriya ta Kudu, irin rufaffen nan da ba a ƙara wa ruwa, kuma na saye shi a wani ƙaramin shago da ke Agege, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Zan faɗi abin da na gani game da batirin, amma mafi yawan yabona na mai shagon ne, saboda na tabbata da a wani wuri na saye shi aka ɗaura mini yadda aka ɗaura na baya, da tuni ya bi sahunsu.

Na farkon tokunbo ne, wato wanda aka cire daga motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, kuma bai wuce wata huɗu ba. Na biyun sabo ne a kwalinsa, na biya kuɗinsa cikakke a wajen wani mai kayan gyara, amma a wata na shida ya ba ni kunya a ranar da ban so ba. Da asuba ne, na riga na taimaka wa mahaifiyata ta shiga baya domin in kai ta ganin likita kafin cunkoso ya haɗu, na murɗa makulli sai na ji ƙas-ƙas-ƙas kawai, fitilun dashbod suka dusashe kamar aci-bal-bal da mai ya ƙare mata. Matasan layinmu suka taru za su tura, na ce musu motar otomatik ce, ba ta tashi da turi. Sai da wani maƙwabci ya fito da tasa motar da wayoyin jona wuta, lokacin kuwa rana ta ɗaga, Hajiya tana zaune shiru tana jan carbi, ba ta ce mini komai ba, kuma shirun nan nata ya fi mini zafi a kan kuɗin da na yi asara.

Maƙwabcin nan ne ya kwatanta mini shagon. Da na isa na ce wa mai shagon, wani dattijo da ya daɗe a Legas yana wannan sana'a, ya ba ni batir mafi ƙarfi da yake da shi, sai ya ce, "Malam, buɗe bonet tukuna, kada in sayar maka da abin da motarka za ta kashe." Ya ɗauko mita ya ɗora a kan tsohon batirin, injin yana kashe, ta nuna bolt 11.9. Ya yi mini bayani cewa batirin mota gida shida ne a ciki, kowane gida yana ba da kusan bolt 2.1, don haka lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna 12.6 ko sama kaɗan idan ya huta, idan ya sauko 12.4 ya rage kusan kashi 75 cikin 100, a 12.2 kuwa rabi ne ya saura. Daga nan ya sa yaronsa ya jona wani batir aka ta da motar, ya sake ɗora mitar, ta nuna 13.1. Ya ce in kunna esi da manyan fitilu, na kunna, sai na ga da idona lambar tana gangarowa har ta tsaya a 12.4, alhali kamata ya yi altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, idan lafiyarta ƙalau ta riƙe wuta tsakanin 13.8 da 14.4 muddin injin yana aiki. Ma'ana, duk tsawon watannin nan motar tana cin batir fiye da yadda take mayar masa, kuma ba wanda ya taɓa dubawa cikin mutanen da suka karɓi kuɗina.

Na ce, "Alhaji, ai ka ba ni sabon kawai, in ya so daga baya na gyara." Ya ƙi. Ya tura ni wajen wani mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, a bayan layi, wanda ya gano cewa fambel, bel ɗin da ke juya altaneta, ya tsufa yana sulɓewa, kuma baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta. Aka canja fambel, aka kankare wurin da samfefa aka ɗaure tamau, na koma shagon mita ta nuna 14.1 har da esi a kunne. Abin da ya ƙara mini yarda da mutumin shi ne yadda ya tsawata wa yaron mai riwayar lokacin da ya kai hannu zai cire kan batir injin yana aiki, wai don a ga ko motar za ta mutu. Wannan gwaji ya zama ruwan dare a garejojinmu, kuma a motocin zamani yana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota, domin batirin ne yake daidaita wutar da altaneta ke fitarwa, idan aka cire shi wutar takan yi tsalle ta wuce abin da na'urorin za su iya ɗauka.

Sai bayan wannan duka aka zo zaɓen batir, kuma a nan ma na koyi abin da ban sani ba duk da shekarun da na yi ina tuƙi. A kasuwa mun saba cewa a ba mu "mai 62" ko "mai 75", muna nufin yawan cajin da batir ke iya riƙewa, wanda ake rubutawa da haruffan Ah. Amma a jikin batura da yawa na Japan da Koriya akwai wata lamba irin 75D23L, wadda mutane ke ɗauka cewa 75 ɗin nan amfiya ce, alhali darajar ƙarfin aikin batirin ce kawai, kuma ainihin Ah ɗinsa ya gaza haka. Harafin D yana nuna faɗi da tsayin akwatin, 23 tana nufin tsawonsa ya kai kusan santimita 23, L ko R kuwa suna nuna ɓangaren da kawunan suke, wanda idan aka yi kuskurensa wayoyin mota ba za su kai ba sai an ja su da ƙarfi. Motata D23L take ɗauka, kuma shi ya ba ni, duk da cewa akwai babba mai tsada a kan kanta wanda da na ɗauka ba tare da musu ba. Ya ce batirin da bai zauna daidai a mazauninsa ba ramukan hanya za su riƙa jijjiga shi har farantan cikinsa su lalace.

Ya sauko da guda biyu iri ɗaya, ya nuna mini lambar ranar ƙira da aka buga a saman kowanne, ya ajiye wanda ya fi daɗewa a shago ya gwada ɗayan a gabana: 12.6. Batir yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi yana hanzarta hakan, don haka wanda ya shekara a kan kanta a yanayin Legas ya fara tsufa tun kafin a yage ledarsa. Ina kyautata zaton abin da ya sami batirina na biyu ke nan, ga kuma rashin caji da ya ƙarasa shi. Game da lambar CCA da wasu masu sayarwa ke tallata kayansu da ita, wadda ke nuna ƙarfin wutar da batir ke iya bayarwa wajen ta da mota, ana auna ta ne a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, tsawon daƙiƙa 30, sanyin da ba mu taɓa gani a nan ba. Tana da amfani wajen kwatanta batir da batir, amma abin da ke kashe namu zafi ne, na gari da na injin da ya tsaya awa biyu a gosulo tsakanin Oshodi da Ikeja.

Batirin kansa ba ni da ƙorafi a kansa. Yana ta da mota bugu ɗaya da safe, har a tsakiyar damina lokacin da laima ke shiga ko'ina, kuma kawunansa ba su tara farin garin nan da ke cin wayoyi ba, ko da yake ina ganin giris ɗin da aka shafa musu ranar ɗaurawa yana da hannu a ciki. Akwai wani ɗan ido a samansa da ke nuna kore idan caji ya isa, amma Alhaji ya gargaɗe ni kada in dogara da shi, domin gida ɗaya kawai yake kallo cikin shida, kuma yana iya zama kore alhali wani gidan ya mutu.

Inda na fi amfana da shagon shi ne batun riƙe caji, domin yadda nake amfani da mota ya canja ƙwarai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na rage hawanta, sannan da jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo a watan Oktoban 2024, sai na koma binsa daga Agege zuwa wurin sana'ata, motar kuwa takan kwana biyar ko shida a ajiye. Mutane da yawa a unguwarmu haka suke yi yanzu, kuma suna mamakin yadda batir ke mutuwa alhali ba a wahalar da shi ba. Ajiyar ce wahalar. Mota ko a kashe take tana jan 'yar wuta domin agogo da ƙwaƙwalwa da na'urar tsaro, wanda bai kamata ya wuce kusan miliamfiya 50 ba, amma tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ko rediyon da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba suna iya ninka wannan. Batir irin na dalma da asid kuwa idan ya daɗe babu cikakken caji, wani gishiri yakan daskare a jikin farantansa, kuma idan ya yi tauri caji ba ya narkar da shi, ƙarfin da ya tafi ya tafi ke nan.

Da can abin da nake yi shi ne in ta da motar minti biyar a tsaye kowace safiya, ina ganin na yi mata gata. Alhaji ya ce wannan ragi ne ba ƙari ba, domin kikistata, na'urar da ke ta da injin, yana zuƙar wuta mai yawa a bugu ɗaya, altaneta kuwa ba ta ba da cikakken ƙarfinta idan injin yana silo, wato yana aiki mota tana tsaye. Shawarar da ya ba ni, wadda nake bi har yau, ita ce in fita da motar sau ɗaya a mako in yi tafiyar da ta kai rabin awa ko fiye a hanyar da ke gudu, kamar safiyar Lahadi da titi ke sakewa, sannan idan zan tafi Arewa hutun salla in bar ta mako biyu ko uku, in kwance kan batir mai alamar ragewa kafin in tafi. Shi ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe, saboda idan sifana ta taɓa jikin mota ana kwance ɗaya kan alhali wannan yana haɗe, tartsatsi zai tashi a kusa da batirin da ke fitar da iska mai kama wuta. Daga baya na sayi 'yar ƙaramar caja mai tsayawa da kanta idan batir ya cika, ina jona ta a daren da aka bar mana wuta, kuma na fi samun natsuwa da ita a kan kai batir wajen masu caji na bakin hanya, inda ake jera batura da yawa a ɗura musu wuta da ƙarfi har su yi zafi.

Shagon yana da nasa naƙasu, kuma ba zan ɓoye ba. Farashinsa ya ɗara wanda na ji a Ladipo da ke Mushin, ko da an cire kuɗin tsohon batirin da ya karɓa, kuma ba ya son ciniki mai tsawo. Garantin da ya ba ni wata shida ne, a rubuce da biro a bayan rasit, da sharaɗin in riƙa kawo motar ana gwada altaneta, wanda na ga adalci ne amma gajere ne ga kaya mai wannan tsada. Ba ya zuwa gida ko bakin hanya idan mota ta mutu, sai dai ka san yadda za ka kawo ta, kuma wanda yake sauri zai ƙosa, domin ni ranar farko sai da na ɓata kusan awa uku tsakaninsa da mai riwaya. Abin da ya fi damuna shi ne tarin tsofaffin batura a lungun shagon, wasu sun fashe asid yana tsiyaya a ƙasa, ga yaron shagon, wanda bai wuce shekara goma sha shida ba, yana ɗaukarsu hannu tsirara sannan ya zauna cin abinci a wurin. Dalma guba ce da ke taruwa a jiki a hankali, kuma ta fi illa ga yara. Na yi wa Alhaji magana cikin ladabi, ya saurare ni, kuma da na koma na tarar ya saya wa yaron safar hannu ta roba, amma tarin baturan yana nan inda yake har sai masu saye sun zo kwasa.

Makon jiya na kai motar gwaji na uku, wanda ba ya karɓar ko kwabo a kansa daga wanda ya saya a wurinsa. Na bar ta ta huta kusan awa ɗaya kafin ya ɗora mita, ta nuna 12.5, da na murɗa makulli ta sauko 10.4 ta koma sama nan take, inda ya ce sai ta faɗi ƙasa da 9.6 ne za a fara maganar canji. Ya ƙara matse ƙarfen da ke danne batirin, wanda ramukan hanyar Iju suka sassauta, ya rubuta lambobin da kwanan wata a bayan rasit ɗin nan na farko, ya ce in dawo kafin ruwan watan Yuni ya sauka.