Darasin da ya sa na tsaya kallon tafiyar zabi

Mako uku na yi ina bin darasin da Jami'ar Alberta ta Kanada ta ɗora a Coursera, wani shafin karatu na intanet, kan dainoso (dabbobin zamanin da can) masu tafiya da ƙafa biyu da asalin tsuntsaye. Babi biyar ne, da Turanci, sunan Farfesa Philip Currie ne a kansa. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, ina kuma kiwon kaji da zabi a bayan gida. Wata ɗalibata ce ta ja min. Ta ce, "Malam, me ya sa gwiwar kaza take kallon baya?" Na yi 'yan kame-kame, ƙararrawa ta cece ni.

Ashe ba gwiwa ba ce, idon sawu ne. Gwiwar tana can sama cikin gashi, cinya kuma ta kusa kwanciya a jikin tsuntsun. Shekara nawa ina feɗe kaza ban lura ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne darasin ba ya gaggawar kai ka sama. Sai ka san ƙashi tukuna: ƙugu, yatsu uku na gaba, ƙasusuwa masu rami a ciki, da ɗan ƙashin ƙirjin nan mai rassa biyu da yara ke karyawa bayan an cinye nama. Duk akwai su a jikin waɗannan dainoso. Daga nan ka iso ga Archaeopteryx, wata tsohuwar halitta da aka tono ƙasusuwanta a Jamus, mai kimanin shekara miliyan 150, ga gashin tsuntsu ga haƙora ga doguwar jela mai ƙashi. Sannan a buɗe gardamar tashi: daga kan bishiya aka faro, ko daga gudu a ƙasa?

Batun tafiya kuwa sai da na bi sawunsa da kaina bayan kowane babi, kuma can na fi samun riba. A 1990 wani masani mai suna Stephen Gatesy ya yi bayanin cewa tsofaffin dainoso da ƙugu suke tafiya. Wata babbar tsoka ce ke tasowa daga jela tana jan cinya baya, kamar yadda take a jikin kada har gobe. Da jelar ta gajarta, nauyi ya koma gaba, aiki ya dawo kan gwiwa, tafiya ta zama ta tsugune. A 2013 kuma Vivian Allen da John Hutchinson da abokan aikinsu suka gina jikin dabbobi 17 a kwamfuta, suka ga girman hannuwa, waɗanda suka zama fikafikai, ya fi gajartar jela jan nauyin gaba. Wasu masana a Chile har jelar katako suka manna wa kaji tun suna 'yan tsaki. Kajin suka tashi cinyarsu ta fi miƙewa, suna ƙara motsa ta in suna tafiya. Na yi dariya har uwargida ta leƙo.

Zabuwa ma ta shiga littafi. Da ita Gatesy ya yi gwaje-gwaje da dama, har an ɗauki hoton ƙashinta tana taka ƙananan ƙwayoyi don a gane yadda sawun dainoso ke samuwa a laka. Ken Dial kuma a 2003 ya nuna 'ya'yan wata makwarwa suna kaɗa fiffike don su haye gangara tun ba su iya tashi ba. Na ga 'yan tsakina suna haka a jikin buhun dusa ba sau ɗaya ba.

Wahalar da na sha ta data ce, sai na riƙa sauke bidiyon da daddare. Sunayen Latin ma sun so su kayar da ni, har na ware musu littafin rubutu na daban. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya kunna rubutun ƙasan bidiyo. Malaman kimiyya da ɗaliban likitan dabbobi, ku gwada shi.

Ranar Litinin na shiga aji da ƙafar kaza a leda, na kira ɗalibar nan gaban allo, na ce ta nuna mana gwiwar.